Na biya kuɗin manhaja, wanda ya rubuta ta ya riƙe makulli

Kwana huɗu ke nan rabona da barcin kirki. Lafiyata ƙalau, ba a kuma yi mini rasuwa ba. Wani ɗan fayil ne da bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba ya tsayar mini da aiki cak, wanda ya rubuta shi kuwa yana buɗe saƙonnina a WhatsApp, alamar shuɗi ta fito, ya wuce abinsa.

Sana'ata zanen gini ne a kwamfuta. Mai gida ko ɗan kwangila ya kawo taswira, ni kuma in tayar da ginin a Blender, wato manhajar zane mai fitar da abu kamar na gaske, in sa masa fenti da gilashi da rufi, in fitar da hoto kamar an gama shi, alhali ko tushe ba a haƙa ba. Masu zuwa wurina a nan Kano da yawansu gidan zamani suke so amma da ƙamshin gida: zankwaye a kan soro, bakan gizo a zaure ko a falo, wani ma har da 'yar ƙubba da Dagin Arewa a jikin bango. Wanda ya taɓa lanƙwasa bakan gizo da hannu a kwamfuta, ya daidaita shi da faɗin ɗaki da tsayinsa, ya san aikin yana iya cinye yini guda, in mai gida ya ce a ƙara wa ɗakin ƙafa biyu kuma a koma farko. Shi ya sa na nemi wani mai rubuta manhaja ya haɗa mini ƙaramar manhaja da harshen kwamfuta mai suna Python, wadda za ta zauna a cikin Blender: in ba ta awo, ta fitar mini da tagogi da ginshiƙai da baka da zanko. Muka yi ciniki, na biya shi cif, ban rage masa ko kwabo ba. Shi ya zo da kansa ya girka ta a kwamfutata, a kan Blender 3.6. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ta yi aiki, kuma na ji daɗinta.

Sai ga aikin wani Alhaji. Injiniyan da muke aikin tare ya turo mini fayil ɗin da ya adana da Blender 4.2. Da na buɗe shi a tsohuwar tawa sai ta yi gargaɗi cewa da sabuwar siga aka adana shi, ana iya rasa wasu abubuwa. Ba zan yi caca da aikin mutane ba. Na sayi data, na sauko da 4.2, na girka ƙaramar manhajar a ciki. Allonta ya fito a gefe lafiya lau, duk maɓallanta suna nan. Na danna na tagogi, tagogi suka fito, amma gilashinsu kamar an kafa katako an shafa masa farin fenti, haske ba ya ratsawa. Na danna na ginshiƙai, suka fito da kusurwa-kusurwa kamar an sassaƙe su da gizago, maimakon zagaye sumul. Na danna na bakan gizo, shiru. Na sake dannawa, shiru. Na zanko ma haka.

Abin da ya fi ƙona mini rai a daren farko shi ne babu saƙon kuskure ko ɗaya. Duk mai aiki da Blender ya san in rubutun Python ya yi tuntuɓe, jan saƙo yakan fito ya gaya maka fayil kaza, layi kaza, ga abin da ya faru. In bai fito a fuska ba, ka buɗe baƙar tagar nan ta saƙonni, za ka same shi a can. Na buɗe, fayau, babu komai. Na cire manhajar na sake girkawa. Na kashe kwamfuta na kunna. Har na fara zargin katin hoton kwamfutar, na sake sabunta shi, data ta sake tafiya. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na tayar da janareta, fetur yana ƙonewa ni kuma ina neman abin da ban san kamanninsa ba.

Da gari ya waye na kira shi. Amsar da ya ba ni ita ce: "Oga, ai a wurina tana aiki." Na tambaye shi wace siga yake amfani da ita, ya ce 3.6. To me ka gaya mini ke nan? Ai a wurina ma tana aiki a 3.6! Ya ce zai duba zuwa yamma. Yammar da ba ta zo ba ke nan har yau.

Ni ba marubucin manhaja ba ne, amma shekarun da na yi a kan wannan aiki sun sa ina iya bin rubutun Python a hankali in gane inda ya dosa. Na buɗe fayilolinsa. A nan ne na ga abin da ya sa jikina ya ɗauki rawa don fushi. A Python akwai wata dabara mai suna try da except, ma'anarta ka ce wa kwamfuta: gwada wannan, in ya ƙi, to yi kaza. An yi ta ne domin in abu ya lalace a san yadda za a tarbe shi, a kuma sanar da mai aiki. Shi kuwa bawan Allahn nan a wurin "yi kaza" sai ya rubuta pass, wato yi shiru ki wuce. Ba wuri ɗaya ba, ba biyu ba, kusan kowane aiki a cikin manhajar haka ya naɗe shi. Daidai yake da ka kai motarka gareji saboda fitilar man inji tana kamawa, makanike ya zare ƙwan fitilar ya miƙo maka makulli ya ce an gyara. Wanda ya yi wannan ba kuskure ya yi ba. Ya zauna ne ya shirya yadda ranar da abu ya ɓaci ba zan ga inda ya ɓaci ba.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya na cire. Da na sake dannawa sai saƙonnin kuskure suka zubo kamar an ɓalle madatsar ruwa, kuma wallahi daɗi na ji, domin yanzu ina ganin abokin faɗana.

Na gilashi ya ce bai sami wani abu mai suna Transmission ba. Na duba bayanan da masu Blender suke fitarwa tare da kowace siga, ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro: a 4.0, wadda ta fito a Nuwamban 2023, an sake gina babban kullin da ake haɗa kamannin abu da shi, wato Principled BSDF, an canza wa ramukansa da dama suna. Transmission ya koma Transmission Weight, Specular ya koma Specular IOR Level. Manhajar tana kiran tsohon suna, ba a amsa mata, sai ta bar gilashin a toshe. Kalma ɗaya na ƙara, haske ya ratsa taga. Na ginshiƙai kuma yana neman use_auto_smooth, abin da aka cire a 4.1 a watan Maris na 2024, aka maye gurbinsa da wata hanyar sulɓaɓa fuska gwargwadon kusurwa. Wannan ya ɗan ba ni wuya, amma kafin la'asar ginshiƙaina sun koma zagaye. Gyaran da bai fi na minti goma ba a hannun wanda ya san aikin, ya ci mini dare da yini saboda kawai an toshe bakin manhajar.

Ina cikin binciken ne ma na warware wani abin da ya daɗe yana ɗaure mana kai a shago. Tun farko, duk lokacin da yaron da ke koyon aiki a wurina ya gwada manhajar a tasa kwamfutar, bango da rufi sai su fito ruwan hoda shar, launin da Blender ke nunawa in ta nemi hoton da za ta lulluɓa wa abu ba ta same shi ba. Na sha yi wa yaron faɗa ina cewa shi ne bai iya ba. Ashe mutumin ya rubuta adireshin wata folda ce mai ɗauke da sunansa a cikin kod ɗin, wato rubutun manhajar, ranar da ya zo girkawa ya ƙirƙiri irinta a kwamfutata a ɓoye bai gaya mini ba. Na kira yaron na ba shi haƙuri, domin na zalunce shi a kan laifin wani.

Saura bakan gizo da zanko, waɗanda saboda su na biya kuɗin tun asali. Saƙonsu gajere ne: bad magic number. Na nemi fayil ɗin da ke ɗauke da lissafinsu, na same shi, amma ƙarshen sunansa .pyc ne, ba .py ba. Na buɗe, babu abin karantawa, tarkacen alamomi ne kawai. Fayil mai .py shi ne rubutun da ɗan Adam ya yi, ana karantawa ana gyarawa. Mai .pyc kuwa niƙaƙƙe ne, wanda Python ta riga ta sarrafa domin kanta, kuma a farkonsa akwai wata lamba kamar hatimi da ke nuna sigar Python da ta niƙa shi. In sigar ta bambanta, ba za a karɓe shi ba. Blender 3.6 da Python 3.10 take tafiya, daga 4.1 aka koma 3.11. Ke nan tun ranar da ya miƙo mini wannan fayil ya san yana da ranar mutuwa, ya kuma san ba ni da yadda zan yi in tashe shi sai na koma ƙofarsa. Na gwada manhajojin da ake cewa suna mayar da niƙaƙƙen fayil rubutu, abin da suka ba ni guntu-guntu ne, ba ya ko tashi.

Na rubuta masa cikin ladabi, na ce ɗan'uwa, don Allah turo mini asalin rubutun, sauran gyaran zan yi da kaina. Sai a lokacin ya sami bakin magana. Wai wannan sirrin sana'arsa ne, in ina son ta yi aiki a sabuwar siga sai dai mu sake sabon ciniki, kuma kuɗin da ya yanka ya kusa na farko.

Wane sirri? Awon baka da zanko ni na ba shi. Ni na zauna da shi na zana masa a takarda yadda baka ke tashi daga bango ya haɗu a tsakiya, na nuna masa hotunan da na ɗauko a Gidan Makama. Shi ya mayar da su lissafi, na kuma biya shi ladan hakan. Ban da wannan ma, Blender da yake cin abinci a kanta kyauta ya same ta. A shekarar 2002 mutane daga ƙasashe daban-daban suka yi karo-karo suka tara Yuro 100,000 aka fanshi kod ɗinta, Ton Roosendaal, ɗan ƙasar Holan da ya ƙirƙire ta, ya sake ta ga duniya a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da ita da gyara ta. Matsayin masu Blender a kan ƙananan manhajojin da ke jingina da ita a fili yake: kana iya sayarwa, babu mai hana ka cin guminka, amma wanda ka ba wa manhajar yana da haƙƙin samun asalin rubutunta. Mutum ya shiga rumbun da jama'a suka cika, ya ɗiba iya son ransa, sannan ya sa wa 'yar jakarsa kwaɗo ya ce sirri ne. Wannan rainin hankali ne.

A fahimce ni, ban ce ya yi mini aiki kyauta har abada ba. Manhaja tana canzawa, kowa ya sani, kuma waɗannan canje-canjen an sanar da su a rubuce tun kafin su iso. Da ya ce mini, Oga, sabuntawa aiki ne, ga abin da za ka ba ni, alhali asalin rubutun yana hannuna, da na biya da daɗin rai, domin a lokacin ina da zaɓi: ko shi, ko wani, ko ni da kaina. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a karɓi kuɗina a matsayin saye, ashe haya aka ba ni ban sani ba. Ko a wajen ciniki bai taɓa furta cewa akwai ɓangaren da zai kulle ba. Da ya faɗa, da ban taya ba.

Yanzu ga halin da nake ciki. Blender biyu ce a kwamfutata. In buɗe 3.6 in fitar da baka da zankwaye, in adana, in rufe, in buɗe 4.2 in jawo su cikin aikin Alhaji, in sake sa musu launi da hannu. In aka canza awon ɗaki ɗaya, in sake bin wannan hanyar tun daga farko. Jiya Alhaji ya kira yana tambayar hotunansa, na ce ranka ya daɗe a ƙara mini kwana biyu. Ya ce to, amma na ji sanyin muryarsa, kuma shi ba ruwansa da wata Python, ni ya sani, ni ya ba wa kuɗin kafin alƙalami. Ita kanta 3.6 ɗin shekara biyu aka ɗebar mata na kulawa daga Yunin 2023, ba wurin da mutum zai kafa sana'arsa ya miƙe ƙafa ba ne.

Na sake tura masa saƙo da safen nan, na ajiye shaidar biyan kuɗin da duk hirarmu tun ranar farko. Na gaya masa fayil ɗaya nake nema, mai .py a ƙarshen sunansa, wanda ke ɗauke da lissafin baka da zanko. In Juma'a ta wuce bai turo ba, zan je wurin wanda ya haɗa mu in zauna da shi, a kira shi a gabana ya maimaita maganar sirrin nan da bakinsa.