Abin da likitan allura ya gani a bayana a Gwanju

Shekara ta bakwai ke nan ina Gwanju, a ƙasar Sin, ina sayen kaya ina lodi ma 'yan kasuwarmu na Maradi, kuma duk wanda ya san wanga aiki ya san baya ke biyan kuɗinshi. Watan jiya ƙuguna ya riƙe har ruku'u ya gagare ni, sai wani ɗalibi ɗan Tibiri da ke karatu nan ya ce Alhaji zo in kai ka wurin masu allura, ni zan yi maka tafinta.

Bari in faɗa ma ku yadda abin yake tun da mutanen gida na yawan tambaya ta a waya. Ba pikir ba ce, babu ruwan magani cikinta ko ɗigo. Asibiti ne sosai mai hawa-hawa, ka ɗauki lamba, ka biya da waya, ka zauna har sunanka ya fito a allo. Likitan ya kama wuyan hannuna da yatsu ukku, dama da hagu, ya daɗe shiru kamar mai sauraren wani abu, ya ce in fiddo harshe, ya tambayi barcina, cin abincina, har fitsari da bayan gida. Sannan anka kai ni wani ɗaki mai gadaje jere da labule tsakani, ɗakin na warin hayaƙin wani ganye da suke ƙonawa kusa da fata, dangin tazargade ne, ina shaƙa na tuna ɗakin kakata. Na kwanta rub da ciki. Ya yage takarda a gabana ya fiddo allurai sabbi, sirara kamar gashin wutsiyar doki, ya goge wurin da alkol. Shigarta bai kai cizon sauro ba, amma in ya murza ta kaɗan sai ka ji wani nauyi da tsami na bin jijiya har ƙafa, su wannan suke nema, suna ce mishi "de-ci" da harshensu. Goma sha biyu ya sa mini, wasu a ƙugu, wasu can bayan gwiwa inda ban ce yana ciwo ba, ya jawo wata fitila mai zafi bisa bayana ya tafi. Wajen minti 25 ina kwance, har gyangyaɗi na yi.

Lokacin da ya dawo zai cire ne ya tsaya yana kallon kafaɗuna. Ya sa yatsa bisa tabon tsagar ƙaho da ke nan tun ina saurayi, ya yi magana da yaron, na ji muryarshi ta sauya. Yaron ya yi jim, sannan ya ce wai yana tambaya wa ya yanke ka haka, kuma askar mutum nawa anka yi ma aiki da ita kafin kai, wai ya kamata ka auna ciwon hanta. Wallahi abin ya soke ni fiye da alluran duka. Bai faɗi da raini ba, na sani, amma na ji kamar an zagi Baba Wanzam ne, wanda ya yi mini aski ran suna, ya yi mini kaciya, kuma shi ya kafa mini ƙahon nan a zauren gidanmu a Mokoyo. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, bai rufe baki ba sai ga ma'aikaciya da tire cike da kofunan gilashi, ta kunna wuta cikin kofi ta kifa ma wanda ke gadon kusa da ni. Ƙaho ne fa! Ƙahonmu, sai dai nasu na gilashi ne kuma mai yin shi na da farar riga da takardar jami'a.

Tambayar tashi gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Aska guda bisa mutum goma tana ɗaukar ciwon hanta da sida, mun ga waɗanda abin ya ci. Na je na auna, alhamdu lillahi lahiya lau. Kuma bayana ya saki, ba ran farko ba, sai wajen zuwa na huɗu na fara ruku'u babu cije baki, zuwa na takwas na warke gaba ɗaya. Wanda zai je ya ci abinci tukun don wasu jiri na ɗibarsu, ya faɗa in yana shan maganin tsinka jini, mace ta faɗa in tana da ciki, kuma kar ya ji tsoro in ya ga ɗan tabon jini ya kwanta wurin, kwana kaɗan ya ɓace. Ciwon baya, wuya, gwiwa da ciwon kai nan ne anka fi ganin amfaninta. Mai sukari ko hawan jini kar ya yar da maganinshi ya ce allura ta isa, kuma kar a yarda da wanda bai koya ba, don allura a ƙirji in ta zarce tana huda huhu.

Amma ni abin da ya hana ni barci daban ne. Su mutanen Sin wanga ilimi sun rubuta shi a littafi sama da shekara 2000, sun gina mishi jami'o'i, nan Gwanju ma akwai babba guda ta maganin gargajiya. A 2008 hukumar lahiya ta duniya ta fidda ma'aunin wuraren sa allura 361 a jikin mutum, a 2010 UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Maganin masassarar sauro da muke saye a farmasi kowace damina, Coartem da 'yan uwanshi, tushenshi wani ganye ne da wata mata Tu Youyou ta tono daga tsoffin littattafansu, har anka ba ta kyautar Nobel a 2015. Mu mi munka yi ma namu? Munka bar su gindin bedi da zabira da tsohuwar aska, wanda ya yi lakwal ya wuce yana toshe hanci yana cewa ƙauyanci. A 2016 da anka ga shatin ƙaho a kafaɗar ɗan wasan ninƙaya Michael Phelps wajen wasannin Olympics na Rio, sai ga 'yan bokonmu na yaba abin a Facebook kamar yau anka ƙirƙiro shi. Wani abokina da ya hana a yi ma uwarshi ƙaho a gida, nan ya zo ya biya yuwan ɗari, wajen jikka takwas, anka kifa mishi kofuna yana ɗaukar hoto.

Da an kira wanzamanmu an koya musu reza sabuwa ga kowane mutum, da safar hannu, da sanin ciwon da ya fi ƙarfinsu su tura asibiti, wa zai sa yatsa bisa bayana yana tambaya? Suna da Sarkin Aska, suna da tsari tun kaka da kakanni, ba daga sama za a faro ba. Kuma akwai abin da Baba Wanzam ke da shi da ban samu nan ba duk tsabtarsu. Likitan bai san sunan ubana ba, lamba ce ni, in na fita wani ya hau gadon. Baba kuwa yana zuƙar ƙahon yana yi mini faɗa kan yawon dare, ya toshe bakin ƙahon da ɗan kaki, ya nuna mini baƙin jinin cikin kasko ya ce ka ga gajiyarka, ɗana, sannan ya aika a sawo mini fura. Ba ya yanka kuɗi, abin da ka ba shi ya sa aljihu ya yi addu'a.

Ya rasu ina nan, shekara ukku ke nan, ban samu jana'iza ba. Na kira ƙanena jiya na tambaye shi zabirar tana ina, ya ce tana rataye a ɗakin tsohuwa, 'ya'yanshi babu wanda ya ɗauka, babban yana kabu-kabu, ƙaramin ya tafi Agadas. Na ce ya je ya gaishe ta, ya roƙa mini kar a saida ta kafin in zo da salla.