"Da sauƙi" ta kusa cinye mana haƙƙinmu a Ostiraliya

Wata takwas bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama maigidana aka kira mu zaman tsara tallafinsa, a nan Melbon. Matar da ta karɓe mu ta buɗe kwamfutarta, ta ce ya gaya mata yadda yake yini. Malam ya gyara zama a kan kekensa, ya faɗa mata da Turanci abin da kowane Bahaushe zai faɗa, wato an gode Allah, da sauƙi. Wanka fa? Ya ce yana yi. Cin abinci? Babu matsala. Wa yake taimaka masa? Ya nuna ni, ya ce iyali suna ƙoƙari.

Ina zaune ina ji. Ni nake tallabo shi daga gado da asuba. Ni nake wanke masa hannun hagu in zai yi alwala, don na daman ya daina ɗaguwa, kuma na san irin yadda ransa yake sosuwa duk sanda ya kai loma baki da hagu. Amma ban yi tari ba, domin ba a rene ni in ƙaryata mijina a gaban baƙuwa ba. Matar ta rubuta abin da aka gaya mata, da takarda ta fito kuwa sai ga tallafi daidai da na mutumin da ya samu sauƙi. Ba ta zalunce mu ba. Bakinmu ne ya yanka mana rabo.

Shirin da nake magana a kai sunansa NDIS, inshorar ƙasa ta masu nakasa. An yi dokarsa a 2013 zamanin Firaminista Julia Gillard, aka gwada shi a wasu yankuna, daga 2016 aka shiga baza shi ko'ina, yanzu mutum fiye da 600,000 ne a ciki. Sharaɗin shiga shi ne mutum bai kai shekara 65 ba ranar da ya nema, ɗan ƙasa ne ko yana da takardar zama ta dindindin, kuma nakasar tasa mai ɗorewa ce wadda take hana shi harkokin yau da kullum. Ba a tambayar albashinka ko abin da ka tara. Wannan ne ya fara ba ni mamaki, don a wurinmu sai ka nuna talauci kafin a dube ka. Dalibi ko mai bizar aiki ta wucin gadi ba ya ciki, kuma gara 'yan'uwa masu shirin tahowa su san haka tun suna gida.

Ana farawa ne da takardar neman shiga da shaidar likita, doka kuma ta ba hukumar shirin kwana 21 ta amsa, ko ta nemi ƙarin shaida. In an karɓe ka sai zaman tsari, wanda shi ne ƙashin bayan komai. Kuɗin da za a ware maka kashi uku ne: na hidimar yau da kullum kamar mai taya wanka da fita, na koyon dogaro da kai kamar gashin ƙashi da gyaran magana, sai na manyan kaya irin keken lantarki ko gyaran banɗaki. Kana iya riƙe lissafin da kanka, ko ka ɗauki mai kula da biyan kuɗi wanda shirin ne yake biyansa, ko ka bar wa hukumar. Mu na tsakiyan muka zaɓa, don rasit da jinya ba su haɗuwa a kai ɗaya.

Da labari ya isa gida cewa gwamnati ta ɗauki nauyin Malam, wata gwaggona ta bugo tana yi mana barka, a zatonta albashi ake zuba mana duk wata. Ba haka abin yake ba. Ba a biyan haya da kuɗin NDIS, ba a cefane da shi, magani da asibiti ma wani sashe ne na gwamnati yake da su. A ƙa'ida ba a biyan mata ko ɗa don ya yi jinyar nasa. Tun watan Oktoban 2024 ma an fitar da jerin abin da ya halatta a saya da wanda bai halatta ba. Kuma in ka ga adadin a takarda ka ɗauka dukiya ce, sai ka ji awa ɗaya ta mai taya hidima ta kai wajen dalar Ostiraliya 70, ta mai gashin ƙashi kuwa ta tasam ma 200.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bambancin harshen nema. A gida mai lalura yana samun taimako ne ta hanyar a gani a tausaya. Ba sai ka buɗe baki ba, maƙwabta sun gani, dangi sun sani, mai hali ya aiko. Wanda ya cika faɗin damuwarsa sai a ce ba shi da tawakkali, wanda ya yi shiru a ce yana da rufin asiri. A nan kuwa ba mai gani sai abin da ka faɗa aka rubuta. Suna tambayar abin da dangi suke yi maka ne don su san gurbin da ya rage, saboda haka in ka ce matarka tana yin komai, to babu gurbi. Kunyar da take ado a Zariya, a ɗakin nan asara ce.

Na daɗe ina juya wannan magana, na kuma tsaya a kan cewa faɗin gaskiyar halin da kake ciki ba butulci ba ne ga Ubangiji. Likita ma ba ya warkar da ciwon da aka ɓoye masa. Kuma wannan kuɗi ba sadaka ba ne da za a ji nauyin karɓa. Haraji ne, Malam ya yi shekaru ana cire shi daga albashinsa, har ƙarin da aka yi wa harajin lafiya a 2014 daga kashi 1.5 zuwa kashi 2 cikin ɗari domin wannan shirin ne aka yi shi.

Ba na so a ɗauka ina raina gida. Kawuna irin wannan ciwon ne ya kwantar da shi shekara shida, kuma ban taɓa shiga ɗakinsa na tarar da shi shi kaɗai ba. Abokan majalisarsa ƙofar gidansa suka dawo da hira, samarin unguwa suke ɗaukarsa zuwa masallaci. A nan sai mu yi kwana goma ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa in ba wanda aka biya ba, kuma da awarsa ta cika zai yi sallama. Wannan kaɗaicin babu tsarin da yake maganinsa. Amma na kuma san abin da ba a faɗa a jinyar kawu. An sayar da gona. Matarsa bayanta ya lalace da ɗagawa, ba wanda ya taɓa tambayarta ita yaya take. Masu zuwa dubiya sun ragu a shekara ta uku, don tausayi yana gajiya, haƙƙi kuwa ba ya jiran a ji tausayinka.

Ba wai ba mu da doka ba. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci a Janairun 2019, an kafa musu hukuma a 2020, an ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara mashigarsu. Tun kafin nan ma Bahaushe yana da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, alamar mun san jama'a ce mai murya. Na san Najeriya ba za ta iya kashe biliyoyin dalolin da Ostiraliya take kashewa ba, su kansu a nan kullum gardama ake a kan tsadar shirin da masu ha'inci a cikinsa. Abin da za mu iya ɗauka ba ya cin kuɗi sosai: a zaunar da mai lalurar a tambaye shi me yake so ya iya yi da rayuwarsa, kafin a tara jama'a a raba kekuna a ɗauki hoto.

Mu dai Allah ya taimake mu, akwai damar neman a sake duba hukunci cikin wata uku. Wata ƙwararriya ta zo gida ta yini tana kallon yadda Malam yake tashi, yake shiga banɗaki, yake sa riga, ta rubuta rahoto. Daren da za a koma zama na ce masa, "Malam, don Allah gobe ka faɗa musu ranar da ta fi muni, ba wadda ta fi kyau ba." Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce in ya kasa ni in faɗa, ya ba ni izini. Da aka tambaye shi burinsa, cewa ya yi yana so ya koma sallar Juma'a, kuma yana so namiji ne zai riƙa taya shi wanka. Duka biyun sun shiga takarda. Yanzu an kafa masa ƙarfen dafawa da kujerar wanka, wani saurayi yana zuwa da safe sau huɗu a mako, ran Juma'a kuma shi yake kai shi masallaci ya dawo da shi.

Na sayi ɗan littafi ina rubuta abin da ya faru kowace rana, saboda zaman sabunta tsari da ke tafe. Shekaranjiya ƙafarsa ta goce a bakin banɗaki, na riƙo shi da ƙyar. Da dare ina haɗa masa shayi sai na ji ya kira ni, ya ce, "Kin rubuta ta ɗazu kuwa?"