Sai ya mutu za ku tuna kun san shi?

Jama'a yau raina a ɓace yake wallahi, kuma da ku nake 'yan ajinmu da duk wani sa'ana da zai karanta wannan. Abokin karatunmu na sakandare ya rasu, ciwon daji ne ajalinsa, Allah ya jiƙan shi ya sa can ta fi masa nan. Tun ba a kai shi makwanci ba guruf ɗinmu na WhatsApp ya cika maƙil, wannan ya ɗora hotonsu tare, wancan ya rubuta wai ya yi rashin babban amini, wata ma har da fuskokin kuka jere reras. To ina tambaya, lokacin da bawan Allahn nan yake kwance wata da watanni kuna ina? Wayarsa ba ta canza ba, gidansu bai tashi ba. Wannan ai shi ne ihu bayan hari.

Ni ba labarin ciwon nan aka ba ni ba, a gidanmu ya ɗauke mana yayata, gani ya kori ji. Kemo, wato maganin ciwon daji da ake ɗurawa a jiki, ba allura ɗaya ba ce a tashi, zagaye-zagaye ake yi, a ɗura maka yau a bar ka 'yan makonni jiki ya ɗan farfaɗo a sake komawa, ga amai ga gashi na zubewa ga baki duk ya yi gyambo ko ruwa da ƙyar yake wucewa, kuma duk da haka abin da ya fi cin ran yayata shi ne ƙawayen da suka ɗauke ƙafa. Takan tambaye mu su ɗaya bayan ɗaya da sunansu, mu dinga ƙirƙiro musu uzuri don kar ta karaya. Ranar da ta rasu kuwa su suka fi kowa kuka.

Kuma uzurin kullum iri ɗaya ne. Wai ba zan iya ganinsa a haka ba, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Haba malam! Kai da za ka kalle shi na minti 10 ba za ka iya ba, shi da yake cikin jikin dare da rana fa? Wani ya ce ban san me zan ce masa ba. Wa ya ce sai ka yi wa'azi? Ka je ka zauna, ka tuna masa shirmen da kuka yi a aji ya yi dariya, ka karɓi mai jinya ta samu ta runtsa. Wasu ma a ransu tsoron ɗauka suke, alhali ciwon daji ba mura ba ne, ba a ɗaukarsa don an gaisa ko an zauna tare. In ma akwai mai haɗari to kai ne, don kemo na karya garkuwar jiki, idan kana tari ka tsaya a gida ka kira shi a waya. Amma kiran ma ya gagare ku, datar da kuke ƙonawa wajen leƙen rayuwar mutane ba ta isa a ce "ya jiki" ba.

Kar ma na taɓo masu zuwa dubiya da bakin tsiya, daga shiga sai su ce ai wannan jifa ne, a bar asibiti a nemi na gargajiya, har a ɓata lokacin da ya fi komai tsada, don ciwon nan idan aka gano shi da wuri da yawa ana warkewa. Da kuma masu ɗaukar hoton mara lafiya ya rame ya lalace su watsa ba da izininsa ba wai a taya shi da addu'a. Ku ji tsoron Allah, mutuncinsa bai mutu ba don jikinsa ya gaza.

Zumunci a ƙafa yake, haka muka taso muka ji, ba a ce a sitatus yake ba. A hadisin Muslim duba mara lafiya na cikin haƙƙoƙi 6 da Musulmi yake da su a kan ɗan uwansa, a wani hadisin kuma Allah zai ce wa bawa ranar ƙiyama na yi rashin lafiya ba ka duba ni ba. Kuma kar wani ya ɗauka abin nan nesa yake, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 10 ya kashe a 2020, wato kusan 1 cikin duk mutuwa 6. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa.

Iyayenmu ba su da guruf ba su da waya, amma in aka ce wane ba lafiya kafin dare ya yi an cika ɗakin, wanda suka yi faɗa jiya ma sai ya zo, kuma in jinyar ta yi tsawo ba a gajiya, a yi ta karɓa-karɓa har Allah ya yi ikonsa. Mu da muka fi su abin hawa da hanyar sadarwa mu ne mutum zai shekara a kwance ba wanda ya leƙo, in biki ne ko daga wace uwa duniya za a zo a yi hoto. Yanzu haka da nake rubutun nan akwai wani namu a kan gado yana duba wayarsa ko wani zai kira, kuma kun san shi. Allah ya ba shi lafiya, ya ba masu jinyarsa haƙuri da lada.