Kafin ku ce a jefa musu makamin ƙare-dangi

Ƙannena matasa, a makon jiya ina zaune wajen mai shayi a kasuwar Gadarif, ana hirar wani harin ta'addanci da aka gani a waya, sai ɗaya daga cikinku ya dire kofinsa ya ce da shi ne shugaban ƙasar, da nukiliya zai jefa wa maharan kowa ya huta. Ban tanka masa ba don kada in kunyata shi a gaban abokansa, amma maganar ta kwana a raina.

Gaskiya ne manyan rundunoni suna da shirin ko-ta-kwana a kan kowace irin masifa, har da wadda ba a son a ambata. A watan Maris na 2002 jaridun Amurka sun fallasa wata takardar sirri ta ma'aikatar tsaron ƙasar, wadda ta lissafa ƙasashe bakwai da ake son a tanadi shirin nukiliya a kansu: Rasha, Sin, Iraƙi, Iran, Koriya ta Arewa, Siriya da Libiya. Aikin hafsan soja ke nan, ya zana shiri ya ajiye, ko da ba za a taɓa buɗe shi ba. Saboda haka idan kun ji an ce wata ƙasa ta duba yiwuwar amfani da nukiliya, kada ku yi saurin yaɗa cewa ta yanke shawara. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, wanda ya ci rayuka kusan 3,000, Amurka ta shiga Afganistan ranar 7 ga Oktoba da makaman yaƙi na yau da kullum, duk da fushin da take ciki. Mutum 19 ne suka kai wancan harin, kuma duk sun mutu a cikinsa; waɗanda suka aiko su suna ɓoye a tsakanin talakawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Bam ɗaya da aka jefa a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945, ya kashe kimanin mutum 140,000 kafin ƙarshen shekarar, bai tambayi kowa ko soja ne ba.

Mu da muke Sudan bai kamata sai an je da mu Japan ba kafin mu gane. Ranar 7 ga Agusta, 1998, aka tayar da bama-bamai a ofisoshin jakadancin Amurka na Nairobi da Darussalam, mutum 224 suka mutu. Kwana 13 bayan haka, gwamnatin Bill Clinton ta harbo makamai masu linzami a kan masana'antar magunguna ta Al-Shifa da ke Bahri, arewa da Khartoum, bisa zargin ana haɗa sinadarin makami mai guba a can, kuma babbar hujjarta ita ce wani samfurin ƙasa da aka ɗebo a kusa da wurin. Har yau ana jayayya a kan wannan hujja, kuma a 1999 Amurka ta saki dukiyar mai masana'antar da ta riƙe. Na ga kangon da idona lokacin ina ɗalibi, kwalaben magani a farfashe cikin ɓaraguzai, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara kowace damina.

To ku yi tunanin a ce irin makamin da ɗan'uwanmu ya kira a wajen mai shayi aka ɗora a kan waɗancan masu linzamin. Bahri da Khartoum da Omdurman kogi ne kawai ya raba su, kuma da yawanku iyayenku a can suke kwance a daren da aka kai wancan harin. Duk wanda ya sake jin irin wannan furuci a majalisa, ina roƙonsa ya tambayi mai maganar a wace unguwa yake so bam ɗin ya faɗa, da kuma wanda ya tabbatar masa cewa maharan a can suke.