'Yar waje ko 'yar gida: rubutun jikin buhu ya daina faɗin gaskiya

Duk wanda ke shiga kasuwar Singa a Kano sayen shinkafa ya san tambayar da ake fara yi tun kafin a zo maganar kuɗi, wato 'yar waje ce ko 'yar gida. Sai kaga magidanci ya juya buhu yana neman inda aka rubuta Thailand ko Indiya, in ya gani hankalinsa ya kwanta, ya ƙara kuɗi a kai ma ba tare da ya damu ba.

Wasu sai su ce wai rashin kishin ƙasa ne, ni dai ban yarda ba. Matar da ta taso tana zuba 'yar Hausa a tire tana tsintar tsakuwa, ta wanke ta rege, kuma a ƙarshe maigida ya tauna dutse a gaban baƙi, ba za ka ce mata ba ta son ƙasarta ba don ta nemi wadda za ta wanke sau ɗaya ta zuba a tukunya. Abin da take karantawa a jikin buhun nan shi ne ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi, ba za ta caɓe ba in an yi dafa-duka ranar biki. Amana take saya da kuɗinta.

Toh amma abubuwa sun canja. A 2015 babban bankin Najeriya ya hana masu shigo da shinkafa dalar gwamnati, a shekarar ne kuma aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi, sannan a Agustan 2019 aka rufe boda har zuwa Disambar 2020. Talaka ya sha wahalar tsada a lokacin, wannan ba a musu, amma kamfanonin gyaran shinkafa sun yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa da injinan cire tsakuwa da na goge ta, har ta kai 'yar gida mai kyau in an zuba maka a hannu da wuya ka bambanta ta da ta waje.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda wasu 'yan kasuwa suka yi amfani da wannan. Tunda sun ga har yanzu ido na kan sunan waje, sai su nemo buhunan da aka buga da tambarin kamfanin waje, su ɗura shinkafar da aka noma a fadamun nan namu su ɗinke, su sayar da tsada. Can kuma wadda aka yi fasa-ƙwaurinta daga Kwatano sai a juye ta a buhun kamfanin gida don a wuce kwastan. Kenan rubutun na ƙarya ta nan yana ƙarya ta can. Mai saye an cuce shi da ƙarin kuɗi, amma wallahi cutar da aka yi wa manomi ta fi, domin uwargida za ta dafa shinkafar Kura ko ta Auyo ta yi warwar ta yi daɗi, ta ce ai 'yar waje daban ce, yabon ya tafi Thailand, shi kuwa wanda ya sha sauro da rana a fadama sunan da ya rage masa shi ne mai shinkafar tsakuwa, toh yaushe mutane za su san 'yar gida ta gyaru in duk mai kyaun an sa mata rigar wasu?

Tumatirin leda da na gwangwani ma haka, da yawa daga China ake kawo markaɗen a manyan durom a zuba a mazubi a nan, mai saye ya ɗauka na gonar Kadawa ne.

Kuma fa mutanenmu ba wai sunan waje kawai suke so ba, asali suke so su sani. Mu ne muke cewa dankalin Jos, doyar Zaki Biyam, bandar kifin Baga, albasar Galmi, kuma muna biyan kuɗin sunan da zuciya ɗaya saboda an gwada an gani. Nijar har rajista ta yi wa kilishinta da albasar Galmi don kada wani ya ari sunan. Me zai hana a ga buhu an rubuta shinkafar Argungu ko ta Haɗeja ɓaro-ɓaro, da sunan kamfanin da ya gyara ta da watan da aka ɗura ta, har da Hausa ma don wanda bai iya Turanci ba?

Aikin NAFDAC da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON da hukumar kare haƙƙin masu saye ne, kuma kada su tsaya a kama ƙaramin mai shago, su bi sawu har wajen masu buga buhunan jabu da ɗakunan ajiyar da ake juyen cikin dare. Shugabannin kasuwa su ma da nasu, don sun san masu yi. Yawancin talakawa a kwano suke awo, ba sa ganin buhun ma balle rubutunsa, maganar mai awo kawai suke dogaro da ita, don haka ƙungiyar 'yan kasuwa ta sa doka mai awo ya ajiye buhun da ya zuba daga ciki a gaban teburinsa, wanda aka kama ya sayar da 'yar gida da sunan 'yar waje a ci shi tara ya mayar wa mai saye ƙarin kuɗinsa.