"Uncle" ba kalma ɗaya ba ce a Turkanci

Masu koyon Turkanci ta hanyar Turanci sukan ɗauka duk inda aka ce "uncle", "amca" ce fassararta. Wannan kuskure ne.

Bature yana tara kowa cikin kalma ɗaya, Baturke kuwa sai ya tantance, kamar yadda Bahaushe yake yi. Ƙane ko yayan uba shi ne "amca", wato baffa, kuma "amja" ake furtawa, domin harafin c a Turkanci sautin j yake bayarwa. Ɗan'uwan uwa shi ne "dayı", kawu ke nan. Mijin gwaggo ko na inna kuma "enişte" ne, sunan da ake kiran mijin 'yar'uwa da shi ma.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kalmomin suka fita daga gida. Dattijon da ba ka sani ba a kasuwar Istanbul, "amca" za ka ce masa don girmamawa. Idan kuma aka ce wani yana da "dayı" a ofis, ana nufin yana da uwa a gindin murhu.