Gida da kanti a haɗe, kuɗi a rabe: matan Binondo da namu

A unguwar Binondo ta Manila, babban birnin Filifin, wadda aka kafa wa Sinawa tun 1594, tsohon tsarin gini shi ne kanti a ƙasa, ɗakin kwana a sama. Matan Tsinoy, wato 'yan Filifin masu tsatson Sin, ba sa wahalar da kansu wajen raba aiki da iyali. Yaro na tashi daga makaranta sai bakin akwatin kuɗi, yana aikin gida yana ba da canji. Mai reno kuwa, "yaya" ake ce mata a can, kamar Bahaushe ne ya raɗa sunan.

Wannan bai bambanta da matar Kano mai sayar da atamfa ko ƙuli daga tsakar gida ba. Har adashi suna yi, sunansa paluwagan. Inda muka rabu shi ne aljihu.

A kantin da ya ginu, cinikin yini ana ƙirga shi da dare, a rubuta, a kai banki. Mai kanti ta yanka wa kanta albashi, cefane daga nan yake fita. Kayan sari ana karɓa bashi na kwana 30 ko 60 da cek mai kwanan wata na gaba, kuma cek ya dawo ba kuɗi laifi ne a dokar ƙasar tun 1979, ga zubewar mutunci a wurin dillalai. A wajenmu jari da kuɗin anko da gudummawar biki duk a bakin zane ɗaya suke. Biki uku a wata, uwar kuɗi ta narke, a ɗora wa kasuwa laifi.

Kada a ɗauka matan Binondo sun huta. Natsuwar tasu a wuyan 'yar aiki take, shi ya sa dokar 2013 ta wajabta mata hutun kwana ɗaya a mako da albashin wata na 13, wato ƙarin albashin wata ɗaya a shekara. Kuma da yawa ba sa sakin makulli ga bare, sai kanti ya tsaya cak ranar da uwar gida ta kwanta ciwo.

Ga al'adar gado: 'ya mace ta riƙe littafin lissafi shekaru, ɗa namiji ya hau kujera. Al'adar ta fara sassautawa. Teresita Sy-Coson, 'yar marigayi Henry Sy mai kantunan SM, ita ke shugabantar hukumar bankin BDO, mafi girma a ƙasar.